BMW 507: Tambayoyi da Amsoshi kan Motar da Ta Yi Kyau Amma Ta Ƙi Sayuwa

Wanda ya fara ganin hoton BMW 507 yakan yi mamakin yadda bai taɓa jin labarinta ba. Dalilin ba wani mai nisa ba ne: guda 252 kacal aka ƙera tsakanin 1956 da 1959, kuma babu wadda ta fito daga masana'anta ba tare da ta jawo wa kamfanin asara ba. Ga tambayoyin da masu sha'awar tsofaffin motoci suka fi yi a kanta.

Wace irin mota ce BMW 507?

Motar gudu ce mai kujera biyu, buɗaɗɗiya, mai rufin yadi da ake naɗewa baya. Injinta mai silinda takwas ne, yana gaba, ƙafafun baya ne ke tura ta. A birnin Munich na Jamus ta Yamma aka ƙera ta, amma tun ranar farko da kasuwar Amurka aka yi ta.

A wane hali BMW yake kafin ya shiga wannan aiki?

Cikin halin ni-'yasu. A lokacin Yaƙin Duniya na Biyu babban aikin kamfanin ƙera injinan jiragen sama ne, don haka da aka gama yaƙi a 1945 masana'antunsa na Munich sun sha bama-bamai, abin da ya rage na injina kuma aka kwashe a matsayin diyya. Wani babban tashin hankalin shi ne masana'antar da BMW yake ƙera motocinsa kafin yaƙi tana garin Eisenach, garin kuwa ya faɗa yankin da Tarayyar Sobiyet ke iko da shi. Wato gidan ƙira da kayan aiki duk sun kuɓuce. Kamfanin da ya saba da injin jirgi sai ga shi yana ƙera tukwane da kayan girki don ma'aikata su samu abin kai wa gida.

A 1948 ya koma ƙera babura, kuma su suka riƙe shi na ɗan lokaci. Motarsa ta farko bayan yaƙi ita ce 501, wadda aka nuna a 1951: ƙatuwar mota ta masu hali, mai lanƙwasasshen jiki. A 1954 aka fito da 502, aka sa mata injin V8 (mai silinda takwas) na alminiyam, irinsa na farko da Jamus ta ƙera bayan yaƙi. Injin abin alfahari ne, sai dai Jamusawan da ke iya sayen irin wannan mota a lokacin ba su da yawa, kuma mafi yawansu Mercedes suka nufa. A 1955 kamfanin ya ɗauko ɗaya ƙarshen kasuwar, ya fara ƙera Isetta da lasisin da ya saya daga kamfanin Iso na Italiya, wata 'yar mitsitsiyar mota mai ƙofa ɗaya a gaba da injin babur. Ke nan BMW yana da motar attajiri, yana da motar mai ƙaramin ƙarfi, amma tsakiya, inda yawancin masu saye suke, wayam.

To tunanin wa ne a ƙera motar gudu a irin wannan yanayi?

Max Hoffman ne, ɗan asalin Vienna ta ƙasar Ostiriya wanda ya koma New York ya zama babban dillalin motocin Turai a Amurka. Mutum ne da kamfanoni ke sauraron maganarsa, domin ya sha faɗa ta tabbata. Shi ya matsa wa Mercedes-Benz lamba har suka mayar da motar tserensu ta zama 300 SL ta hawa titi, mai ƙofofi masu buɗewa sama kamar fukafukai. Shi kuma ya sa Porsche suka yi 356 Speedster.

A 1954 ya zo wa BMW da lissafinsa. A Amurka akwai ƙananan motocin gudu na Ingila irin su MG da Triumph, masu araha da ƙaramin inji, akwai kuma 300 SL mai ɗan karen tsada. Tsakaninsu akwai fili. Hoffman ya ce a ɗauki injin V8 ɗin nan a sa shi cikin buɗaɗɗiyar mota mai ɗaukar ido, a sayar da ita dala 5,000, shi kuwa zai sayar da dubbai a shekara. Ga kamfanin da ke neman kuɗin waje ido rufe, wannan magana ta yi daɗin ji.

Wa ya zana ta?

Ba zanen farko ne ya kai ga masana'anta ba. Injiniya Ernst Loof, tsohon ma'aikacin BMW wanda ya kafa kamfanin motocin tsere na Veritas bayan yaƙi, shi ya fara haɗa samfuri a kan ƙashin 502, wato firam ɗin ƙarfen da ke ɗauke da inji da jikin mota. Hoffman ya gani ya ce sam, wannan ba za ta sayu a Amurka ba. Sai ya kawo nasa mutumin, Albrecht von Goertz.

Goertz ɗan gidan sarauta ne daga Brunkensen a arewacin Jamus, an haife shi a 1914. Ya bar gida ya tafi Amurka a 1936, ya yi ƙananan ayyuka na neman abinci, ya shiga gyara fasalin motoci a Kalifoniya, sannan ya yi aikin soja a rundunar Amurka lokacin yaƙi. Bayan yaƙin ne ya haɗu da fitaccen mai zanen kayayyaki Raymond Loewy, ya yi aiki a ƙarƙashinsa a kan motocin Studebaker, daga baya ya buɗe ofishin kansa a New York. Don haka Bajamushe ne da idonsa ya saba da abin da Ba'amurke ke so, kuma abin da Hoffman ke nema ke nan. BMW ya ba shi aiki biyu a lokaci guda: 507 da yayarta 503 mai kujera huɗu.

An fara nuna 507 a otal ɗin Waldorf-Astoria na New York a bazarar 1955, sannan a baje kolin motoci na Frankfurt a watan Satumban shekarar. Jama'a sun yaba ƙwarai. Amma sai a watan Nuwamban 1956 aka fara ƙera ta don sayarwa, fiye da shekara guda bayan an gama tafi.

Me ke cikin zanen da har yau ake maganarsa?

A ganina abin da Goertz ya bari bai sa ba ya fi abin da ya sa muhimmanci. Zamanin nan motocin Amurka sun cika da ƙarfe mai walƙiya da dogayen fukafukai a baya. Shi kuwa ya bar jikin a sarari. Tsaya a gefenta ka bi layin da ido: ya taso daga fitilar gaba, ya bi dogon murfin inji, ya ɗan sauka a ƙofa daidai inda direba zai ɗora gwiwar hannu, sannan ya sake tashi a kan ƙafar baya kamar cinyar dokin da ya yi shirin zabura. Motar gajeruwa ce a tsaye, babban mutum zai dafa saman gilashinta ba tare da ya ɗaga hannu ba.

Abu biyu ne suka zama tambarinta. Na farko hancin. Motocin BMW an san su da tagwayen ramukan shan iska masu siffar ƙoda, a tsaye, dogaye. Goertz ya kwantar da su, ya buɗa su suka cika faɗin gaban motar. Na biyu 'yan tsagogin iska da ke bayan ƙafafun gaba, masu kama da na kumatun kifi, da ƙaramin tambarin BMW mai fari da shuɗi a jikinsu. Duk wanda ya lura da gefen BMW Z3 zai gane daga inda nata tsagogin suka samo asali.

Ƙashi da injin fa, sababbi aka yi?

A'a, kuɗin hakan babu. Babban injiniyan kamfanin, Fritz Fiedler, an ɗora masa nauyin amfani da kayan da ake da su gwargwadon iko. Sai aka ɗauki ƙashin manyan motocin aka rage masa tsawo: tazarar ƙafar gaba da ta baya ta sauko daga milimita 2,835 zuwa 2,480. Maimakon sifirin, dogayen sandunan ƙarfe masu murɗuwa ne ke ɗaukar nauyin motar gaba da baya, kamar yadda yake a 502. Ƙafafun baya kuwa gatari ɗaya ne ya haɗa su, tsohon tsari mai ƙwari amma maras laushin na zamani.

Injin shi ne V8 ɗin alminiyam mai girman lita 3.2. An ba shi kafireto biyu na Zenith, an ƙara masa matsi, ya kai ƙarfin doki 150. Giya huɗu ce ta kamfanin ZF, sandarta a ƙasa kusa da hannun direba. Burkin na ganga ne a ƙafafu huɗu, sai a motocin ƙarshe-ƙarshe aka fara sa na faifai a gaba. Nauyinta wajen kilo 1,330.

Da gaske ne da hannu aka ƙera jikinta?

Da gaske ne, kuma a nan darajarta take, a nan kuma matsalarta ta fara. Motar da za a yi dubbai akan ƙera mata manyan ƙarafan gwaji, injin matsi ya danna fallen ƙarfe sau ɗaya ya fito da ƙofa ko murfi, kowane iri ɗaya da ɗan'uwansa. Waɗannan ƙarafa kuɗi ne masu yawa tun kafin a sayar da mota ko ɗaya. Jikin 507 kusan gaba ɗaya maƙera ne suka fitar da shi daga fallayen alminiyam. Maƙeri zai ɗauki falle a shimfiɗe, ya yi ta bugu da guduma yana juya shi, ya kai ya gwada a jikin ma'auni, ya dawo ya sake bugu, ya shafa da tafin hannu yana neman tudu ko kwarin da ido bai gani ba. Alminiyam yana da laushi, amma idan ya sha bugu sai ya taurare, idan aka matsa masa ya tsage, don haka dole a riƙa gasa shi ana sassauta shi. Wannan lanƙwasar da ke kan ƙafar baya, wadda mai kallo ke gani kamar an zuba ta ne, aikin sa'o'i ce masu yawa na mutum ɗaya a tsaye.

Sakamakon haka babu 507 biyu da suka yi daidai da juna ɗari bisa ɗari. Wanda ya sayi rufin ƙarfe na cirewa da mayarwa, an gyara masa shi ne daidai da motarsa, ba lallai ya zauna a kan wata ba. Masu gyara ta a yau da wannan suke fama: ba a ciro ƙofar wata a ɗaura wa wata sai an sake aiki.

Me ya sa ta ƙi sayuwa?

Farashi. Motar da aka yi alkawarin dala 5,000 ta isa Amurka a kan kusan 9,000, daga baya ta haura 10,000. A Jamus mak (kuɗin ƙasar a lokacin) 26,500 ce, alhali Isetta tana kan mak 2,580 lokacin da ta fito. Wato kuɗin 507 ɗaya zai sayi Isetta goma. Filin da Hoffman ya hango a tsakiyar kasuwa, motar ta tsallake shi ta faɗa layin 300 SL.

A wannan layin kuwa ba ta da abin kare kanta sai kyau. 300 SL tana da ƙarfin doki 215, tana da tsarin fesa mai kai tsaye cikin silinda wanda sabon abu ne a lokacin, ga sunan da ta gada daga nasarorin tsere. A 1957 kuma Mercedes ya fito da buɗaɗɗiyarta, wato ya shigo har cikin gonar 507. Mai kuɗin da ya zo saye sai ya ga ƙarin da zai yi kaɗan ne ya samu mota mafi gudu. Alƙaluma sun faɗi sauran: an ƙera 300 SL mai fukafukai guda 1,400, buɗaɗɗiyar kuma 1,858, ita kuwa 507 ta tsaya a 252. Ko 503, wadda ba a cika maganarta ba, ta fi ta sayuwa, an yi fiye da 400.

Abin ya zama kamar igiya mai zarge kanta: ba a saye da yawa saboda tsada, tsadar kuma ba za ta sauka ba sai an ƙera da yawa.

Tana da gudu kuwa? Ta yi tsere?

Gudunta ya danganta da irin haƙoran gatarin baya da mai saye ya zaɓa, daga kilomita 190 zuwa wajen 220 a sa'a. Daga tsaye zuwa kilomita 100 takan ɗauki daƙiƙa 11 da 'yan kai. A shekarun 1950 wannan gudu ne na a zo a gani, sai dai ba ita ce kan gaba ba. Mota ce ta doguwar tafiya a kan titin duwatsu, inji yana gurnani a hankali, ba ta fafatawa a fili ba. Duk da haka tsohon gwanin tsere Hans Stuck ya shiga gasannin hawan dutse da ita, ya kuma ci wasu.

Mene ne bambancin kashi na ɗaya da na biyu?

Kashi biyu aka ƙera ta, kuma tankin mai ne babban bambancin. Motocin farko, 'yan gommai kaɗan, suna da tanki mai cin lita 110 a bayan kujeru. Ya cinye wurin zama, ya rage wurin kaya, kuma idan aka rufe rufin sai warin fetur ya cika cikin motar. A 1957 aka sauya: tanki mai lita 66 a ƙarƙashin wurin kaya, kujeru suka samu sararin ja da baya, aka kuma gyara allon agoguna.

Shin ita ce ta kusa rusa BMW?

Ana yawan faɗin haka, amma ɗora mata laifin duka zalunci ne. Mota 252 ba za su kayar da kamfani su kaɗai ba. Ta dai ƙara nauyi a kan jakin da ya riga ya gaji. Kasuwar babura ta faɗi a tsakiyar shekarun 1950 domin Jamusawa sun fara samun kuɗi suna son mota mai rufi. Manyan motocin 501 da 502 ba sa kawo riba. Isetta ta sayu sosai da farko, amma ribar ƙaramar mota ƙarama ce, kuma masu sayenta suna samun hali sai su wuce zuwa Volkswagen. 507 da 503 sun cinye kuɗi da lokacin injiniyoyi a daidai sa'ar da ya kamata a ce ana ƙera motar matsakaicin ma'aikaci. Wannan shi ne ainihin kuskuren, kuma na shugabanni ne, ba na maƙera ko mai zane ba.

A 1959 asarar kamfanin ta kai wajen mak miliyan 15. Ranar 9 ga Disamban shekarar aka kira babban taron masu hannun jari a Munich, shugabanni suka gabatar da shirin da zai miƙa kamfanin ga Daimler-Benz, masu Mercedes. Ƙananan masu hannun jari da dillalan motocin BMW suka ƙi. Lauya Friedrich Mathern ya nuna cewa an zuba dukan kuɗin da aka kashe wajen haɓaka sabuwar ƙaramar mota 700 cikin asarar shekara ɗaya, abin da ya sa lissafin ya fi muni fiye da yadda yake. Da wannan hujja aka tilasta ɗage taron, wa'adin tayin Daimler kuma ya ƙare. Bayan haka attajiri Herbert Quandt ya ƙara hannun jarinsa ya zuba kuɗi. Motar 700 ta sayu, ta ba kamfanin numfashi, sannan a 1962 aka fara sayar da BMW 1500, matsakaiciyar motar da aka daɗe ana buƙata. Iyalan Quandt har yau su ne manyan masu hannun jarin BMW.

Ina gaskiyar labarin motar Elvis Presley?

Gaskiya ne. Mawaƙin ya yi aikin soja a Jamus daga 1958 zuwa 1960, a barikin Friedberg, kuma a can ya sayi 507 wadda aka riga aka yi amfani da ita, mai lambar ƙashi 70079. Ita ce farar motar da Hans Stuck ya yi tsere da ita. Labarin da ya shahara shi ne 'yan mata masoyansa sun riƙa rubuta masa saƙo da jan-baki a farin fentin, har ya gaji ya sa aka mayar da ita ja.

Bayan ta isa Amurka ta sha wuya. Ta canja hannu, wani ya cire injinta na asali ya cusa na Chevrolet, aka yanke wani ɓangare na ƙashin don ya shiga. Daga baya ta shafe shekaru masu yawa a ajiye cikin wani rumbu a Kalifoniya, babu inji, fenti ya ƙoƙe. A 2014 aka dawo da ita Munich, sashen tsofaffin motoci na BMW ya ɗauki kusan shekara biyu yana gyaranta, ana ƙera kayan da babu su daga farko. A 2016 aka nuna ta a baje kolin tsofaffin motoci na Pebble Beach a Kalifoniya, fara kamar yadda take a zamanin Stuck.

Nawa suka rage, kuma nawa ake sayar da su?

Kusan 200 suna nan, wato huɗu cikin biyar na duk waɗanda aka ƙera. Ga motar da ta haura shekara sittin wannan adadi ne babba. Alminiyam ba ya tsatsa irin ta ƙarfe, kuma tun farko masu hali ne suka saye su, suka ajiye su a inuwa.

Kuɗinsu yanzu miliyoyin daloli ne. Wadda ta fi shahara a gwanjo ita ce ta John Surtees, ɗan Ingilan da shi kaɗai ya taɓa cin kambun duniya a tseren babur da kuma na Formula 1. Bayan ya ci kambun babur na 1956 a kan MV Agusta, mai kamfanin, Domenico Agusta, ya so yi masa kyauta, Surtees ya zaɓi 507. Ya riƙe ta tun daga 1957 har rasuwarsa a 2017, shekara sittin a hannun mutum ɗaya, yana tuƙa ta da kansa yana ƙetare duwatsu zuwa Italiya, har ya sa aka ɗaura mata burkin faifai na Dunlop. A watan Yulin 2018 kamfanin gwanjo na Bonhams ya sayar da ita a Goodwood ta Ingila kan fam miliyan 3.8.

BMW ya sake yin irinta?

Ya yi, bayan shekara arba'in. A baje kolin Tokyo na 1997 ya nuna samfurin Z07, wanda Henrik Fisker ya zana fasalinsa na waje da 507 a zuciya: kwantattun ƙodoji masu faɗi, tsagogin gefe, dogon murfin inji, kujera biyu, jikin alminiyam, injin V8. Daga shi aka samu Z8, wadda aka sayar daga 2000 zuwa 2003, kuma an ƙera guda 5,703, kusan rabinsu Amurka suka tafi, kasuwar da Hoffman ya nufa tun 1954. Hoffman ya rasu a 1981 bai gan ta ba. Goertz kuwa ya ga fitowarta da ƙarewarta, domin sai a 2006 ya rasu yana da shekara 92.